Yadda za a kare yara daga gubar maganin ƙwari a abinci da cikin gida

Guba mafi tsanani da ke samun yara a gidajenmu takan biyo ta hanyoyi uku: buhun wake ko hatsin da aka zuba wa magani don kada ya yi ƙwari, ɗakin kwanan da aka fesa wa maganin gona saboda sauro ko kuɗin cizo, da kuma kwalbar da aka ajiye inda hannun yaro zai kai. Ragowar maganin da ke kan ganye da 'ya'yan itace ma abin kula ne, amma ya fi waɗannan sauƙi. Don haka a nan za a fara da abin da ke iya kisa a dare ɗaya, sannan a gangaro kan abin da ke taruwa a jiki sannu a hankali.

Yaro ya fi babba cutuwa, kuma dalilin a fili yake. Idan aka auna da nauyin jikinsa, ya fi babba ci da sha. Jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, babba kuwa sau 12 zuwa 20, ga shi mai rarrafe hancinsa yana dab da ƙasa inda feshi ke sauka, kuma duk abin da ya taɓa sai ya kai baki. Hantarsa ba ta gama ƙwari ba balle ta karya gubar da sauri, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. Binciken da ya nuna cewa maganin ƙwari mai suna chlorpyrifos na taɓa ƙwaƙwalwar yara tun suna ciki yana daga cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi a 2020.

Mataki na farko: a tattaro duk maganin da ke gidan

A zagaya gida, ƙarƙashin gado, saman tagogi, kicin, banɗaki, rumbu, a fito da duk wani maganin ƙwari, na ciyawa, na ɓera da na kaska. Sai a duba ƙasan takardar da ke jikin kowanne. Akwai layi mai launi a wurin: ja na nufin guba mai tsanani ƙwarai, rawaya mai haɗari, shuɗi a yi hattara, kore mafi sauƙi. Mai ja ba shi da wurin zama a gidan da ke da yara. A kuma duba sunan sinadarin da ke ciki, domin sunan kasuwa yana canjawa amma sinadarin ɗaya ne. Idan an ga dichlorvos ko DDVP, wannan shi ne abin da ke cikin Sniper da ire-irensa, kuma shi ake tsinkawa a ɗura a ƙananan kwalabe a sayar da sunan fiya-fiya. Maganin gona ne mai ƙarfi, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu ana samunsa. Fiya-fiya kuwa ba ta da takarda, ba wanda ya san ƙarfinta sai wanda ya haɗa, shi ma da ƙiyasi.

Abin da za a ci gaba da amfani da shi a sa shi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a wajen ɗakin kwana, nesa da kayan abinci. Ɗora shi saman sif ba ajiya ba ce, yaro ɗan shekara uku zai ja kujera ya hau. Kowane magani ya zauna a mazubinsa na asali. Juye shi a robar lemo ko ta ruwa yana daga cikin manyan hanyoyin da yara ke sha, saboda yaro ya san wannan robar da zoɓo da kunun aya, ba zai tsaya shinshinawa ba.

Robar da maganinta ya ƙare a ɗauraye ta sau uku, ana juye ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, sannan a huda ta da wuƙa ko ƙusa yadda ba wanda zai sake amfani da ita. Roba tana shan magani, wanki da sabulu ba ya fitar da shi duka. Kada a zuba ruwa, manja, nono ko man gyaɗa a ciki, kada a bar wa yara su yi wasa da ita, kada kuma a ƙona ta a tsakar gida.

Mataki na biyu: wake da hatsi

Nan ne aikin ya fi yawa, domin wake abincin yara ne na kullum, daga ƙosai da alala zuwa ɗanwake da garau-garau, kuma shi ne amfanin gonar da ƙwari suka fi yi wa ɓarna a ajiya, saboda haka shi aka fi zuba wa magani. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya bayan an sha samun dichlorvos a cikinsa fiye da ma'aunin da ta yarda da shi, wato miligiram 0.01 a kowane kilo. Irin waken nan shi ne a kasuwanninmu, sai dai mu ba a auna mana.

A wurin saye, a damƙi wake a shinshina. Idan yana warin magani ko na kananzir, ko ya bar farar ƙura ko maiƙo a tafin hannu, a bar shi. Waken da aka ga 'yan huji ko ƙwaro ɗaya biyu na yawo a cikinsa ba abin ƙi ba ne, a tsince a dafa. Amma rashin wari ba shaidar tsabta ba ce, shi ya sa duk waken kasuwa ya kamata ya bi waɗannan matakai kafin ya shiga tukunya:

1. A baza shi a tire ko tabarma, a sha iska da rana na yini ɗaya ko biyu. Dichlorvos yana tashi a iska, shanyar tana rage shi.
2. A wanke sau uku ana murzawa da hannu, ana zubar da ruwan.
3. Idan na ƙosai ne ko alala, a surfe shi sosai, domin a kan ɓawon maganin ya fi zama.
4. Idan dafawa za a yi da ɓawonsa, a tafasa minti goma da tukunya a buɗe, a tsiyaye ruwan farko a zubar, a sake sabo.

Garin ɗanwake yana bukatar kulawa ta musamman, saboda sau da yawa busasshen wake ake kaiwa inji ba tare da ya ga ruwa ba, duk abin da ke jikin ɓawon sai ya shige gari. A wanke waken, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a kai niƙa. Haka gero, dawa da masarar da za a yi wa jariri kunu ko koko: a surfa, a wanke, a zubar da ruwan jiƙon farko.

Waɗannan matakai ragewa suke yi. Waken da aka yi wa wanka da Sniper, ko aka zuba wa tsohon gamalin, ba ya gyaruwa da tafasa. Gamalin, wato lindane, an haramta shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm a 2009, domin ba ya saurin lalacewa, yana taruwa a kitsen jiki har ya fito a ruwan nono. Saboda haka mafita ta gaskiya ita ce a sayi wake da kaka, lokacin da yake sabo ba a sa masa komai ba, kuma yana araha, a ajiye da kai ba tare da magani ba.

Hanya mafi inganci ita ce buhun PICS mai ninki uku, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, ya kuma bazu a Nijeriya da Nijar daga 2007. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki da buhu saƙaƙƙe a waje. Ƙwarin da ke cikin waken suna shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Kafin a zuba, a hura iska cikin kowace leda a matse a ji ko tana yoyo. Waken ya bushe sosai, wanda idan aka ciza zai fashe da ƙara, a kuma tsince tsakuwa da kara masu huda leda. A cika, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje. A ɗora kan katako, kada ya jingina da bango. Abubuwa uku ne ke ɓata wannan ajiya: danshi, haƙorin ɓera, da yawan buɗewa. Duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari, don haka a ware na ci a wani mazubi, a bar buhun a rufe aƙalla wata biyu.

Wanda bai samu buhun ba, jarka mai murfi tana yin aikin, muddin ba ta taɓa ɗaukar fetur ko magani ba. A cika ta fal har wuya ana jijjigawa, a sa leda a baki kafin a murza murfin. Jarkar da aka cika rabi ba ta kashe ƙwari, iskar da ke ciki ta ishe su rayuwa. Ga ɗan wake kaɗan kuma, tokar murhu da aka tankaɗe ta huce tana aiki: kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, a cakuɗa, a rufe saman da ƙarin toka.

Idan ana tsoron waken ya riga ya ɗauki ƙwai daga gona, a gasa shi da rana kafin ajiya. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba kauri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefunan a danne da duwatsu, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwan da tsutsar da babban ƙwaron, kuma cikin ledar yakan wuce haka.

Akwai ƙwayar nan mai launin toka da ake jefawa cikin buhu, Phostoxin da 'yan uwanta. Da zarar ta ji danshin iska sai ta fara fitar da iskar guba mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Iskar tana ratsa buhu, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa da ramukan bango, kuma ba ta da makari. An sha rasa yara a gida ɗaya cikin dare saboda an ajiye buhunan da aka sa wa ƙwayar a ɗakin da suke kwana ko a na kusa da shi. Wannan aikin masu sito ne da suka samu horo, a ginin da ba kowa ke kwana a ciki ba. Ba a sa ta a ɗaki don kuɗin cizo ko ɓera, ko da guda ɗaya ce.

Irin shuka da aka rina ja ko ruwan hoda an gauraye shi da magani. Ragowarsa ba a ci, ba a ba kaji, wanki kuma ba ya mayar da shi abinci. Busasshen kifi da banda ma wasu 'yan kasuwa na fesa musu magani saboda tsutsa. A shinshina, a jiƙa a ruwan zafi, a wanke sau biyu a zubar da ruwan.

Mataki na uku: ganye da 'ya'yan itace

Kowane maganin gona yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da ɗiba, a rubuce a takardarsa. Matsalar kayan lambu ita ce tumatir, kuɓewa da tattasai ana ɗibarsu kowane 'yan kwanaki, manomin da tsutsa ta matsa wa kuwa yakan fesa yau ya ɗiba jibi. Mai saye ba shi da iko a kan wannan, amma yana da iko a kan wanki.

Kabeji da latas a cire ganyen waje biyu ko uku a yar, sauran a ware su ɗaya bayan ɗaya. Alayyahu, yakuwa, rama da zogale a wanke su kafin a yanka. Ruwa mai gudana ya fi na kwano. Inda babu famfo, wani ya riƙa zubawa da buta ko moɗa ana murzawa na kamar rabin minti, ko a canja ruwan kwano sau uku ana tsamo ganyen daga ciki maimakon a tsiyaye ruwan ta kansa. Tumatir da tattasai a murza wajen hancin, nan magani ke kwanciya. Karas, kokwamba, dankali, tuffa da mangwaro a wanke sannan a fere idan ƙaramin yaro ne zai ci. Kankana da lemo ma a wanke bayansu, saboda wuƙa tana jan abin da ke waje zuwa ciki.

Jiƙawa a ruwan bekin soda yana ƙara amfani. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Massachusetts a 2017 a kan tuffa ya nuna cewa minti 12 zuwa 15 a cikinsa ya fi ruwa zalla cire maganin da ke bisa fata. Ma'auninsa ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rabin lita, sannan a ɗauraye. Kada a sa omo, sabulu ko bilic, su ma suna barin nasu. Akwai magungunan da shuka ke shanyewa su shiga cikin namanta, waɗannan wanki ba ya kai musu. Abin yi shi ne a riƙa sauya kayan miya da wurin saye, kuma inda akwai fili a dasa zogale, alayyahu da yakuwa a bayan ɗaki, ko a buhu ma suna yi. Tsoron magani kada ya sa a hana yaro ganye da 'ya'yan itace, rashinsu ya fi ragowar da ke kansu illa. Haka mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono zalla har wata shida.

Mataki na huɗu: ɗakin kwana

Sauro ne babban dalilin feshi, kuma zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara, don haka ba za a ce a zauna haka ba. Gidan sauro mai magani shi ne kan gaba. Sabo a rataye shi a inuwa na awa 24 kafin a kwana ciki, a wanke shi a hankali da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, a ɗinke huji da zarar ya fito. A sa raga a tagogi, a rufe randa da duro, a kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi masu tara ruwa.

Idan za a fesa na gwangwani wanda aka yi don gida, a fitar da yara, a rufe abinci da ruwan sha, a kwashe kayan wasa, bulumboti da kwanukan yara. A fesa, a rufe ɗakin gwargwadon yadda takardar ta ce, sannan a buɗe ƙofa da tagogi aƙalla rabin awa kafin yaro ya shiga, a goge daɓen da yake rarrafe da jiƙaƙƙen tsumma. Fesawa yara na barci, ko kan katifa da matashi, kuskure ne babba. Igiyar leƙo kuma hayaƙinta yana tayar da asma. Idan ya zama dole a kunna ta a bakin ƙofa, ba a rufaffen ɗaki kusa da kan jariri ba. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, kuma ba a shafa wa kowane yaro a tafin hannu.

Kuɗin cizo shi ya fi tura mutane ga fiya-fiya, a gidaje da makarantun kwana da tsangayu. Zafi ne maganinsa. A zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado da tabarmi, a wanke zannuwa da ruwa mai zafi sosai a goge da dutsen guga, a ƙulle tufafi a baƙar leda a bar su a rana yini guda, a liƙe tsagar bango. A maimaita kowane mako har sau uku ko huɗu, saboda ƙwan da ya tsira yakan ƙyanƙyashe cikin kwana goma.

Ƙwarƙwata kuwa, maganin gona ko na kaska ba ya hawa kan yaro ko da ɗigo ɗaya. Fatar kai tana shanye shi, an kuma rasa rayuka ta haka. A tsefe kitso, a shafa man gashi, a taje da matsefi mai ƙananan haƙora duk bayan kwana uku ko huɗu har mako biyu, ko a sayi maganin ƙwarƙwata na permethrin mai kashi 1 cikin 100 a kantin magani, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa kwana goma.

Kyankyaso da ɓera abinci da ruwa suke bi: a wanke kwanuka da dare, a rufe shara, a toshe ramuka da siminti. Tarko da kyanwa sun fi shinkafar ɓera, wadda ake cakuɗawa da kifi ko ƙuli-ƙuli a ajiye a ƙasa, daidai inda mai rarrafe zai tsinta. Allin kyankyaso ma kamarsa ɗaya da allin makaranta. Sai kafur da ake sa wa a akwatin kayan jarirai: yara da yawa a yankinmu, musamman maza, an haife su da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma ƙamshin kafur a jikin tufafi ya isa ya farfasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani. A cire shi daga kayan jego gaba ɗaya.

Mataki na biyar: idan maigida manomi ne

Yaro ba ya haɗa magani, ba ya goya injin feshi, ba a aikensa sayowa. Mai ciki da mai goyo kada su kai abinci gonar da ake kan fesawa. Idan takarda ba ta faɗi lokacin komawa ba, a hana yara shiga aƙalla awa 24. A haɗa maganin a gona da ma'auninsa na musamman, ba da cokalin gida ba, a wanke injin can nesa da rijiya. Wanda ya yi feshi ya tuɓe kayan aiki da takalmi a waje, ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a kwano, a wanke kayan a bokiti daban. Saniyar da aka yi wa maganin kaska a duba kwanakin da takarda ta hana shan nononta.

Mataki na shida: idan abin ya faru

Alamomin Sniper, fiya-fiya da danginsu suna zuwa da sauri: yawu na dalala, hawaye, gumi, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, tsoka na rawa, ƙirji na kurari. Ƙananan yara sau da yawa sai dai a ga jikinsu ya saki, barci ya danne su, ko su fara jijjiga.

A fitar da yaron inda iska take. Mai taimako ya sa leda a hannu, ya cire masa tufafin da maganin ya taɓa, ya wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a zuba ruwa mai tsabta minti 15. Kada a ba shi manja, madara, nono ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Yawancin magungunan ruwa an narka su ne cikin wani mai dangin kananzir, idan aka tilasta amai yakan faɗa huhu, yaron da jikinsa ya saki kuma duk abin da aka ɗura masa zai iya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti nan take da gilashin mota a buɗe, a tafi da kwalbar a ƙulle cikin leda ko hoton takardarta a waya, a kuma faɗa wa likita lokacin da abin ya faru. Rukunin gubar Sniper da fiya-fiya yana da makari, allurar atropine, kuma saurin zuwa ne ke sa ta yi aiki. Bayan yaro ya farfaɗo, raunin numfashi na iya dawowa tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu, don haka kada a matsa a sallame shi.

Ko da yaro yana wasa lafiya lau bayan ya sha, a kai shi. Wani nau'in maganin ɓera yana hana jini daskarewa, ba a ganin komai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku jini ya fara fita ta hanci, dasashi ko fitsari, alhali bitamin K na maganinsa idan an je da wuri. Maganin ciyawa mai paraquat yakan fara da gyambon baki kawai, huhu ya biyo baya cikin kwanaki. Idan kuma mutane biyu ko fiye a ɗaki ɗaya suka tashi da amai, ciwon kai da ƙuncin ƙirji, ga buhunan hatsi a kusa, kowa ya fita waje, a bar ƙofofi a buɗe, a kai su asibiti dukansu har da wanda bai nuna alama ba.